Littafin da Na Ƙona a Gawon Nama

Maryam, shekarar da kika shiga jami'a kin taɓa tsare ni a zaure kin tambaye ni ko da gaske ni na kashe kasuwar Baffanku Bello. Na ce miki ki shiga ki ci abinci. Ke da Nasiru da Auwal kun tashi kuna jin wannan magana a wajen suna da wajen ta'aziyya, ana sassauta murya idan kun matso, ni kuwa ban taɓa buɗe baki na kare kaina ba. Yanzu idona ya fara ja da baya, likita ya ce in rage zama gaban kwamfuta, saboda haka zan rubuta wannan babin tun ina iya ganin layi. Ba ni na rubuta abin da aka rubuta a kan Baffanku ba, ban kuma sa kowa ya rubuta ba. Amma na san wanda ya rubuta, na ƙi faɗa, kuma wannan ƙin ne ya raba ni da uwata da ɗan'uwana.

Da na bar aikin gwamnati, inda na ƙare ƙuruciyata ina buga takardu, sai na buɗe ɗan shago a unguwarmu ta Gawon Nama, nan Sakkwato, ina buga wa mutane wasiƙu da takardun makaranta. A ƙofar shagon akwai bishiyar dogon yaro, bayan la'asar mukan shimfiɗa tabarmi mu yi majalisa. A nan na lura da wani abu. Muddin akwai mai kuɗi ko mai muƙami a zaune, ba wanda ke faɗin abin da ke ransa. Sai ya tashi sannan bakuna su buɗe. Na yi wa abokina Malam Sani, mai koyar da kwamfuta, wannan ƙorafi, shi kuma ya ce ai akwai magani. Cikin sati biyu ya gina mana dandalin tattaunawa a intanet, muka sa masa suna Gindin Dogon Yaro. Dokarsa ta farko ita ce kada kowa ya shigo da sunansa na gaskiya. Mai son shiga zai turo saƙo zuwa wata tsohuwar waya da na ware, wadda babu sunan kowa a cikinta, ya faɗi laƙabin da ya zaɓa. Ni kuma in rubuta laƙabin da lambar wayarsa a wani dogon littafi mai shuɗin bango, in goge saƙon, in buɗe masa ƙofa. Mun yi haka ne don kada ɗan fitina ɗaya ya shigo da sunaye goma. A littafi na ajiye su domin ban yarda na'ura tana riƙe sirri ba. A shafin farko na dandalin na rubuta da hannuna cewa lambar kowa tana wurina ni kaɗai, ba zan bincika ta ba, ba zan ba kowa ba. Ba a jima ba aka yi wa Malam Sani canjin wurin aiki, dandali da littafi suka rage a wuyana.

Ku da kuka tashi da waya a hannu ba lallai ku gane abin da wurin nan ya zame wa mutane ba. A garin nan kowa ɗan wani ne, kowa surukin wani ne, abin da ka faɗa da hantsi a Gidan Dare kafin azahar ya isa kunnen kawunka a Wamakko. Sai ga wurin da ba wanda ya san ɗan wane ne kai. Wata mai kiran kanta Uwar Biyu ta rubuta cewa wata huɗu ke nan tana jin ƙullutu a ƙirjinta, ta kasa gaya wa mijinta. Matan da ba ta taɓa gani ba suka yi ta lallashinta har ta je asibiti. Wani saurayi ya ce ya kasa barin shan maganin tari, ga shi ubansa liman ne, yana tsoron ranar da za a gane. Akwai manomin shinkafa da ba ya rubuta komai sai tambaya kan cutar da ke sa ganye ja. Akwai kuma 'yan surutu da masu musu kan ƙwallo, su ne ma suka fi yawa. Nakan zo shago da sassafe in karanta, in goge zagi, in raba faɗa, ina jin cewa a ƙarshen rayuwata na yi wani abu mai amfani. Ina alfahari da littafin nan fiye da yadda ya kamata. Har a majalisa nakan buga aljihun teburin in ce rabin sirrin Sakkwato yana nan ciki.

Sai in gaya muku wane ne Baffanku a wurina, domin kun san shi ne bayan ya zama mutum mai ɗaure fuska. Ina ƙarami mahaifinmu ya rasu. Yaya Bello yana saurayi ya shiga kasuwar hatsi yana dakon buhu a bayansa, da wannan bayan ya ciyar da ni da Inna, ya sa ni makaranta, ya yi min aure. A hankali ya zama mai sito uku, ana kawo masa wake da gero daga ƙauyuka. Ban taɓa kiran sunansa kai tsaye ba, ban taɓa zama a kujera yana tabarma ba. Shi kuwa wake, ƙwari ba sa barin sa, don haka wasu 'yan kasuwa kan zuba masa fiya-fiya, maganin nan mai ƙarfi na kashe ƙwari, su ɗinke buhu su bar shi watanni. A shekarar da nake ba ku labari wake ya yi tsada ba zato, masu ajiya suka fara fito da shi tun maganin bai sake shi ba. Na taɓa shiga siton Yaya a lokacin, warin ya bugi hancina, idona ya kawo ruwa. Na gaishe shi na fita, ban ce komai ba. Wannan shirun ma ku rubuta shi a cikin laifina.

Sai labari ya cika gari cewa wani gida a Gidan Dare sun ci wake da shinkafa an kwashe su zuwa asibiti, ƙaramar 'yarsu ba ta dawo ba. Kwana uku bayan haka na buɗe dandali da safe na tarar da rubutun wani mai laƙabi Ganau, wanda ya daɗe da shiga amma bai taɓa cewa uffan ba. Bai ambaci sunan kowa ba. Ya ce akwai sito mai koriyar ƙofa a bayan masu sayar da buhu, an zuba wa wake magani ranar Laraba an fitar da shi kasuwa ranar Asabar, an juye shi a sababbin buhuna don kada a ji wari. Ya ce shi ba ya neman a kama kowa, yana roƙo ne a daina sayen waken har a duba. Duk wanda ya san kasuwa ya san ƙofar wa ce koriya. Ina da ikon goge rubutun, hannuna yana kai, na daɗe a haka. Da ban taɓa shaƙar warin nan ba da na goge. Kafin azahar an ɗauki hotonsa ana ta turawa a wayoyi, washegari duba-gari suka zo suka rufe siton, suka kwashe buhuna. Ko waken da yarinyar ta ci daga wurin Yaya ya fito, har yau ban sani ba, ba wanda ya tabbatar. Amma gari ya riga ya yanke hukunci. Masu ƙosai suka daina saye a wurinsa, mutanen ƙauye suka kai kayansu wani wuri, abokan cinikinsa da suka yi irin abin da ya yi su ne suka fi kowa nesanta kansu da shi.

Ranar Talata Yaya ya zo shagona. Tun da na buɗe shi bai taɓa takowa ba, aike yake yi in je. Na miƙe na ba shi kujera, ya ƙi zama.

"Umaru, wanga abu naka na?"

"Dandalin nawa na, Yaya. Rubutun ba nawa na ba."

"To wa yar rubuta shi?"

"Ban sani ba."

"An ce min duk wanda yash shiga, lambatai tana cikin littahinka."

"Tana nan. Amma na yi musu alkawali ba ni dubawa, ba ni ba kowa."

Ya dube ni, ya dubi kwamfutar, ya gyara babbar rigarsa a kafaɗa.

"Ka yi ma mutanen da ba ka taɓa gani ba alkawali. Ni mi kay yi min? Ran Juma'a in an sauko masallaci ka iske mu wurin Inna, ka taho da littahin. In ba ka kawo shi da hannunka ba, akwai waɗanda za su zo su ɗauke shi."

A lokacin gaskiya na faɗa masa, ban sani ba. Da na tsaya a haka, da ko rantsuwa aka ba ni zan yi da zuciya ɗaya. Amma washegari na rufe ƙofar shago da rana tsaka, na jawo aljihun tebur. Na gaya wa kaina cewa ina so ne in san ko maƙiyin Yaya ne, ko wani ɗan kasuwa mai hassada. Ƙarya nake yi wa kaina, son sani ne kawai irin na ɗan Adam. Na bi shafuka da yatsa har na iske Ganau. Na ɗauko wayata ta aljihu na fara danna lambar. Ban kai ƙarshenta ba suna ya fito a fuskar wayar, sunan da ni da kaina na ajiye shekaru da suka wuce.

A nan zan tsaya in gaya muku iyakar abin da za ku samu daga gare ni. Zan riƙa cewa "shi" ne don magana ta tafi, kada ku ɗauka na ce muku namiji ne. Mutum ne da na sani, kuna kuma sanin sa, yana raye. Na san abin da zai same shi a wancan lokaci da sunansa ya fita: da an tsine masa a gaban jama'a, da ya rasa wurin zama a cikin mutanen da ba shi da kowa sai su. Kada ɗayanku ya zo min da jerin sunaye yana duban fuskata. Na saba da wannan wasan, mahaifiyarku ta yi min shi shekara da shekaru.

A ranar na rubuta masa saƙon sirri ta cikin dandalin. Na ce na ga lambarka, ka kwantar da hankalinka, ba mai ji daga bakina. Ina tsammanin zai gode, ko ya ce yana tsoro, ko ya ba ni dalilinsa. Bayan kamar awa ɗaya amsa ta zo, layi ɗaya:

"Ashe ka duba. To me ya rage na alkawarin?"

Daga wannan bai sake shiga dandalin ba. Na ji zafin maganar ƙwarai, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne gaskiya ya faɗa.

Ranar Alhamis a majalisa maganar littafin kawai ake yi. Wani dattijo mai sayar da kayan gini ya taɓa ni yana dariya ya ce in an buɗe shi gobe a duba masa wane ne mai laƙabin nan da ya ce simintinsa gauraye ne. Wani ya ce shi ɗan liman mai shan maganin tari yake son sani, yana zargin ɗan wani ne a unguwarsu. Suna ta dariya. Na gane cewa in littafin nan ya shiga tsakar gidan Inna, ba shafi ɗaya za a karanta ba. Za a bi shi layi-layi, kowa ya danna lamba a wayarsa kamar yadda na yi. Na tuna Uwar Biyu da mijinta da bai sani ba. Da aka tashi na sa littafin cikin riga na tafi da shi gida.

Da hantsin Juma'a na ɗauki murhun gawayi na kai bayan kicin, na fara yage shafuka ina sawa. Na cire layin tsohuwar wayar na karya shi, na jefa. Mahaifiyarku Rabi ta fito da tsintsiya a hannu ta tsaya a kaina.

"Malam, mi kaka yi haka?"

"Abin da kika gani."

"In ka ƙone shi, cewa za a yi kai na. Ko ka yi tunanin haka?"

Na ce na yi. Ban yi ba, ita ta fara hango shi. Ta ajiye tsintsiyar ta tsuguna kusa da ni, ta rage murya.

"Ashe ka san wanda yar rubuta. To hwaɗa min, ni ɗai. Na taɓa kai maganakka waje?"

Ba ta taɓa ba. Amma Rabi fuskarta ba ta iya ɓoyo, in ta ƙi mutum ko gaisuwarta sai ta nuna, kuma za ta ci gaba da haɗuwa da Ganau a kowace hidima ta dangi da ta unguwa. Na ce mata ba zan iya ba. Ta miƙe ta kakkaɓe zanenta.

"To riƙe abinka. Amma ka sani ba kai ɗai za ka ɗauki kayan nan ba, har da ni da ɗiyanka, kuma mu ba a tambaye mu ba."

Tana nan da ranta, ku tambaye ta in na ƙara ko na rage. Ba ta taɓa barin gidana ba, ba ta taɓa fasa min abinci ba. Amma tun ranar akwai irin hirar da muka daina yi.

Bayan an sauko masallaci na tarar da tsakar gidan Inna cike. 'Yan'uwa, surukai, ma'aikatan sito, maƙwabta, mata daga bakin ƙofofi, mutum sama da ashirin. Ganau yana cikinsu. Inna tana zaune a kan tabarma ƙarƙashin rumfa da carbi a hannu, Yaya a gefenta. Na durƙusa na gaishe ta.

"Umaru, ina littahin?"

"Na ƙone shi, Inna."

Wuri ya kaure. Wani ya ce ai dama, wani ya ce mai gaskiya ba ya ƙona shaida. Inna ta ɗaga hannu aka yi shiru.

"Kai kar rubuta?"

"Wallahi ba ni na ba."

"Na ji. To rantse min ba ka san wanda yar rubuta ba."

Na sunkuyar da kai. Da a ranar Talata ta tambaye ni da na rantse. Na ji numfashin mutane a bayana, na ji carbinta ya daina motsi.

"Ɗan'uwanka da yaɗ ɗauki buhu ga bayanai don ka yi karatu, shi za ka bari ka riƙe baƙo?"

Kalma ɗaya ce za ta sassauta mata, in ce Inna ba baƙo ba ne. Amma in na faɗi haka, kowa zai juya ya dubi na kusa da shi, kuma ba za su daina ba sai sun gano. Na bar ta a kan cewa na fifita baƙo a kan ɗan'uwana.

"Tashi ka ba ni wuri," in ji ta. "Kada ka sake taka gidanga sai da sunan ga bakinka."

Kafin in miƙe Yaya ya ɗaga hannuwa ya ce Allah shi tona asirin wanda yay yi mai wanga abu, da mai ɓoye shi. Tsakar gida ta amsa da amin. Ban yi niyyar dubawa ba, idona ne ya kai. Ganau ya ɗaga hannuwansa kamar kowa, ya ce amin, ya shafa a fuska.

Daga ranar maganar ta zauna a gari cewa ko ni na rubuta, ko na sa aka rubuta, don hassadar abin da Allah ya ba yayana. Na ɗauka aƙalla mutanen dandali za su tsaya min. Na rubuta musu cewa littafi ya zama toka, babu sauran lambar kowa a hannun kowa. 'Yan kaɗan suka yi godiya. Mafi yawa tambaya suka yi: ta yaya za mu tabbatar? Wani ya ce ya ji daga majiya mai ƙarfi cewa na kwafe shafukan kafin in ƙona. Mutane suka shiga goge tsofaffin rubuce-rubucensu. Wata safiya na duba na ga duk abin da Uwar Biyu ta taɓa rubutawa babu, ban san yadda ta ƙare da ciwonta ba. Sai kuma masu zagi suka taso, wasu don Yaya, wasu don nishaɗi kawai. A duk dandalin ni kaɗai ne aka san sunansa da shagonsa da gidansa. Suna ɓoye a bayan laƙabin da ni na ba su damar ɗauka, suna kiran sunan matata, wani har ya rubuta makarantar da Maryam take da lokacin da ake tashi. Ranar da na ga wannan na rufe dandalin gaba ɗaya. Majalisa ma ta tashi daga ƙofar shagona ba tare da an yi shawara ba, ɗaya bayan ɗaya suka koma gindin wata bishiya a gaba. 'Yan kasuwar da nake buga wa takardu suka samu wani. Ku kuma 'ya'yan Baffanku suka daina zuwa ɗaukarku yawon sallah, kuna tambayata dalili ina cewa aiki ya yi musu yawa.

Inna ta yi shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka. Duk Juma'a nakan je in tsaya a zaure in aika a gaishe ta, amsa ɗaya ake kawo min. Da ciwonta ya tsananta na je da safe na ce a gaya mata Umaru yana roƙon ya gan ta. Matar Yaya ta shiga, ta fito tana share ido da gefen mayafi.

"Ta ce in tambaye ka, ka zo da sunan?"

Sunan yana kan harshena. Wallahi na buɗe baki. Na ce a raina wannan mutum bai gode min ba, bai ko dube ni ba, ya ce amin a kaina, don me zan rasa uwata saboda shi? Ban san abin da ya riƙe ni ba. Ba zan ce muku jarumtaka ba ce, wataƙila taurin kai ne, wataƙila kuma na ga cewa in na faɗa yanzu duk abin da na riga na rasa ya tafi a banza. Na ce a gaya mata ina roƙon gafara. Na zauna a zauren har azahar, ba a kira ni ba. Kwana biyu bayan haka ta rasu. A sahu na uku na yi mata salla, kamar maƙwabci.

Shi kuwa Ganau, shekarun nan duka muna haɗuwa. Yakan gaishe ni da ladabi, ya tambayi jikina, ya tambayi yara. Ban taɓa son ya tona kansa ba, na fi kowa sanin abin da zai biyo baya. Abin da na jira kawai shi ne wata rana, inda ba kowa, ya ce min ya san abin da na ɗauka. Ko da ido ne. Na ba shi dama ba sau ɗaya ba, nakan yi jinkirin sa takalmi in an tashi daga taro. Bai taɓa ba. Na yarda abin da ya rubuta gaskiya ne, mai yiwuwa ya ceci rayukan da ba mu sani ba, kuma na fi shi laifi da na shaƙi warin na yi shiru. Duk da haka ba na son ganin sa.

Shekara tara Yaya bai yi min magana ba in ban da amsa sallama. Kasuwarsa ba ta koma yadda take ba, ya ƙare da sito ɗaya yana sayar da gero. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Wata safiya aka aiko cewa yana nemana. Na tarar da shi a kan katifa a ƙasa, ya rame, bakinsa ya karkace, maganarsa tana fita da ƙyar. Ya sa kowa ya fita. Na zauna a ƙasa kusa da kansa, ina jiran ya sake tambayata sunan, na ma shirya amsar da zan ba shi.

"Umaru, na san ba kai na ba."

Na ɗago kai na dube shi, ya ci gaba.

"Tun ran da kac ce ka ƙone littahin nan na sani. Kai ba ka san ranar da anka zuba magani ba, ba ka san an sake buhu ba. Na ciki ɗai yas san haka. Kuma ba ka ƙona littahi don baƙo."

Na so in ce masa ko baƙo ne zan ƙona. Ban faɗa ba, domin ban tabbata ba.

"To Yaya, don mi kab bari? Inna tat tahi tana hushi da ni. Shekara tara."

Ya daɗe yana kokawa da harshensa. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye, bai iya sharewa ba.

"In ba kai na ba, to wani na cikin waɗanda nika kallo kullum. Ba ni iyawa, Umaru. Kai ka saba haƙuri. Na ga gara kai."

Ban ce masa ya yi daidai a zatonsa ba, ban ce ya yi kuskure ba, shi ma bai tambaya ba. Na goge masa fuska da hannun rigata. Na ce to ko zai kira iyalinsa ya gaya musu abin da ya gaya min, ko don 'ya'yana su daina sunkuyar da kai a cikin dangi. Ya rufe ido, ya juyar da fuskarsa wajen bango. Can ya ce:

"Ka yahe min."

Kwana huɗu bayan haka ya rasu, bai gaya wa kowa ba. Ba ni da shaida a kan wannan hira sai Allah, wanda ya ga dama a cikinku ya yarda. Na ce masa na yafe, domin ba zan iya hana mutumin da ya goya ni abin da ya roƙa yana bakin mutuwa ba. Tun daga ranar, duk sallar da na yi sai na roƙi Allah ya sa zuciyata ta bi abin da bakina ya faɗa. Har yau ba ta bi ba.